Ranar da Na Koya wa Uba 'Yarsa

Shekarar da aka kafa Jihar Arewa Maso Gabas ina sabon malamin firamare a Jimeta, gani nake ni kaɗai na san darajar boko. Ɗalibata Dija ta zo ta ɗaya, na ɗauki takardar sakamakonta har shagon babanta a unguwar Dubeli, ina baza hanci.

Ya kau da kai, ya ce, "Wace ce haka?"

Nan na wanke shi tas gaban abokansa. Uban da bai san 'yarsa ba!

Wani dattijo ya ja hannuna. "Malam, 'yar farinsa ce. Bafulatani ne, kunya yake ji."

Washegari, saboda cin fuskar da na yi masa, babanta ya mayar da Dija wata makaranta a Yola. Yanzu na yi furfura, amma in na ratsa Dubeli sai na ji an ce, "Malam, zo ka gaya mini sunan ɗana!"