Ranar da Na Zama Bebe

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ba, ko na so in manta ma abokan aikina ba za su bari ba.

Ni nas ne a wani ƙaramin asibiti da ke tsakiyar kamfanonin Sharada. Ranar Talata muke duba masu amosanin gaɓoɓi, ciwon nan da ke kumbura yatsu ya sandarar da su, mutum ya tashi da safe ko maɓallin rigarsa ya kasa sawa. Masu zuwa iri-iri ne: leburorin kamfanin roba da na fata, matan Panshekara, mutanen Jigawa, 'yan Nijar. Shugabarmu Sista Rabi dokarta ɗaya ce: kada wanda ya fita bai gane yadda zai sha maganinsa ba, ko wane yare yake ji. Dalili kuwa, akwai wata ƙwaya da ake sha sau ɗaya tak a mako, mu ranar Juma'a muke ware wa kowa. Wanda ya mai da ita ta kullum, ransa ma zai iya tafiya.

Ana cikin layi sai ga wani dattijo ya fito daga ɗakin likita, fari sol, ga dogon hanci, ga gashin baki kamar tsintsiya, yatsunsa duk sun karkace. Ya zauna a bencin gaba ya miƙo mini ledar magani. Ina ganinsa na yanke hukunci: wannan ba ya jin Hausa. Turanci ma da wuya (kada ku tambaye ni inda na samo wannan labari). Na ce a raina, yau Sista za ta san ta ɗauki ma'aikaci.

Na ɗaga ƙwayar, na nuna baki, na haɗiyi iska. Dattijo ya gyaɗa kai. Saura in nuna masa ba kullum ba. Na kwantar da kai a tafin hannu na yi minshari, na miƙe na yi cara irin ta zakara, na nuna ƙwayar na girgiza kai da ƙarfi. Na sake minshari, na sake cara, na sake girgiza kai. Sai shi ma ya haɗa hannu ya kwantar da kai, ya ɗaga mini babban yatsa da ƙyar. Daɗi ya kama ni.

To yaya zan nuna Juma'a? Na fizgo zanin gado na yafa a matsayin babbar riga, na fesa turaren da babu shi, na naɗe kwali a hammata ya zama darduma, na zaga benci ina taku irin na attajiri. Sannan na haɗiye ƙwayar ƙarya. Don ya san abin da ke jiran mai sha kullum kuwa, na dafe ciki, na yi tangal-tangal, na zube a siminti na zaro harshe (ni da ƙaton tumbina, ina da mata da 'ya'ya).

Ina kwance wayarsa ta yi ƙara. Ya ɗauka, ya ce, "Hajiya, ina asibiti wallahi, kar ki damu. Wani bawan Allah ne bebe yake min bayanin magani. Kai, yana ƙoƙari! Allah Ya saka wa mutanen nan, ba sa ware kowa wajen ɗaukar aiki."

Hausar Kano tsantsa, ta fi tawa daɗi.

Na rasa yadda ake tashi daga siminti. Benci kaf ya fashe da dariya, har da masu ciwon muƙamuƙi suna riƙe haɓa. Sista Rabi ta leƙo ta ce, "Malam, wa ya rasu?" Na ce, "Ni ne, Sista." Dattijon ya zabura: "La'ilaha! Ashe kana magana?" Alhaji Munir sunansa. Kakansa ne ya zo daga Labanan, shi kuwa a Fagge aka yanke masa cibiya.

Ina naɗe zanin a kunyace sai wata mata ta tare ni, baƙa kamar ni, wadda ɗazu na gama yi wa dogon bayani da Hausa tana ta cewa "to, to." Ta ɗaga ledarta, ta ɗaga yatsa ɗaya, ta ce, "Juma'a?" Wani mai gadi da ke layi ya yi mata magana da yarensu, ya juyo ya ce, "Malam, Bazabarma ce, ba ta daɗe da zuwa ba. Da can ta ɗauka kullum za ta sha. Faɗuwarka ce ta ganar da ita."

Sista ba ta yi faɗa ba. Ta dai roƙi mai gadin ya zauna mu sake wa matar bayani daga farko, sannan ta ce tunda Allah Ya ba ni baiwa, duk ranar asibitin gaɓoɓi zan riƙa mutuwa sau ɗaya kafin a fara raba magani. Har yau ina yi.

Yanzu duk wanda ya shigo, fari ne ko baƙi, sai na yi masa sallama na ji da wane baki ya amsa. Mai saurin cewa "to" kuwa, shi na fi tsoro.