Ranar da Babur Mai Caji Ya Ja Ni Gaban Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ɗaurin auren ƙanwar matata a ƙauyensu da ke Taba ba, kuma na san mutanen Taba ma ba za su bar ni in manta ba.

Lokacin ban daɗe da sayen babur mai caji ba. Ni ne na farko a ofishinmu da ke Ikara, kuma gaskiya na cika mutane da surutu. Duk wanda ya gaishe ni sai ya sha bayani: ba ya shan fetur, ba ya neman baƙin mai, ba ya hayaƙi, da solar gidana nake yi masa caji. (Matata ta ce har cikin barci ina wannan huɗubar. Ban yarda ba.)

Babban abokin gabata a wannan harka shi ne Habu, ƙanin matata, ɗan acaɓa ne tsakanin Kudan da Makarfi. Babur ɗinsa in ya tashi, sai ka rantse bola aka cinna wa wuta.

"Yaya, wannan ai fitilar hannu ce aka sa wa taya," in ji shi. "Babur ɗin da ba ya ƙara ai ba namiji ba ne."

Na ce masa, "Ka ci gaba da shayar da mutane hayaƙi. Ranar biki za ka ga yadda ake shigowa gari cikin mutunci."

Ranar na sha babbar rigata mai sitaci, na kafa hula, na kama hanya. Na iso na tarar da dattawa jere a kan tabarmi a ƙofar gida, surukina Baba Alhaji a tsakiya, ga manyan ƙoren fura da nono an ajiye a gabansu. Na shigo shiru kamar kyanwa, babu wanda ya ji zuwana sai ganina. Habu yana gefe da abokansa. Na kalle shi, na ɗaga gira.

To ga inda matsalar take. Babur mai fetur in yana kunne, kowa ya sani, yana ta gurnani. Nawa kuwa, kunne da kashe duk ɗaya ne a kunnen mutum. Ganin surukina ya sa na rikice, na sauka da sauri ban murɗa makulli ba. Na cire takalmi, na durƙusa a gefen babur ɗin.

"Baba, ina wuni? Mun same ku laf..."

Ban ƙarasa ba. Hannun babbar rigata ya maƙale a totur, wato mariƙin da ake murɗawa a ba babur wuta, durƙusawar da na yi ta murɗa shi. Babur ya zabura, ni kuma ina ɗaure da shi. Haka ya ja ni a kan gwiwoyina, muka ratsa tsakiyar tabarma. Dattawa suka watse, wani tsoho da aka ce ƙafa ta daɗe tana damunsa ya tsallake benci. Ƙwarya ta tashi sama. Ni kuwa (Allah ya sani ban san dalili ba) bakina bai daina gaisuwa ba, ina tafiya ina "ya gida, ya iyali," har sai da tarin karan dawa ya tsayar da mu.

Na ɗago, fura tana ɗiga daga hulata. Na waiwaya na ga Baba Alhaji bai motsa daga inda yake ba, nono ya wanke masa gemu. Habu kuwa yana can yana birgima a ƙasa don dariya.

Baba ya sa hannu ya share gemunsa a hankali. Ya ce, "Lafiya lau, Malam. Iyali ma lafiya. Ka ji ciwo?"

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Habu ya zo yana share hawaye. "Yaya, in kawo maka nawa ka koma gida da shi? Shi dai yana sallama kafin ya shiga mutane."

Na miƙe, gwiwa a kurje, wando a yage. Na ce, "Ka duba wurin nan da kyau. An zubar da fura, an tsorata, amma ka ji wani ya yi tari? Naka ko a tsaye yake sai ya sa jarirai kuka."

Wani dattijo ya ce, "Wannan kuma gaskiya ne," yana kakkaɓe rawaninsa. Shi kaɗai ya goyi bayana, amma na riƙe.

Matata ta yi kwanaki ba ta iya kallona ba tare da ta toshe baki ba. A ofis an ba ni shawarar in sayar. Ban sayar ba, kuma ba zan sayar ba. Babur bai yi laifin komai ba, abin da aka umarce shi ya yi. Har gobe da shi nake zuwa Taba, kaina a sama.

Sai dai yanzu tun daga bakin gari nake tsayawa, in kashe shi, in zare makulli in jefa aljihu, in naɗe hannun riga har kafaɗa, sannan in tura shi da ƙafa zuwa ƙofar surukina. Duk da haka, da dattawan sun hango ni, sai ka ga kowa ya jawo ƙwaryarsa kusa.