Tsoho Mai Fartanya da Na Yi wa Kamfen

Ina da shagon geim a Kafanchan. A cikin geim ɗin da yara suka fi so akwai wani tsoho mai faɗa da fartanya, kamarsu ɗaya da kakana na Kagoma. Da na ga a waya wata mujallar Japan ta buɗe ƙuri'ar gwanin jama'a a cikin 'yan wasan geim ɗin, sai na yanke hukunci cewa in tsohon ya ci, dole kamfanin ya mai da shi jarumin sabon geim. Wa ya gaya mini haka? Ba kowa.

Ran Lahadi bayan sujada na tsaya a ƙofar coci ina karɓar wayoyin mutane ina dangwala masa. Mama Saratu, shugabar zumuntar mata, ta ce, "Ɗana, wannan baban zai gyara mana hanya ne?"

Na ce, "Mama, ki dai zaɓe shi."

Ran da sabon geim ya iso, na tayar da janareta, na jera benci, shago ya cika maƙil. Labari ya buɗe a maƙabarta. Ga kabari, ga fartanyar tsohon kafe a kansa.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Chukwudi mai sayar da caja ya cire hula ya ce, "Oga, sannu da rashi."

Washegari zumuntar mata suka zo mini gaisuwa, har da kunu.

Har yau, in zaɓe ya matso, 'yan takarar unguwarmu kan aiko a roƙe ni, don girman Allah, in goyi bayan abokin hamayyarsu.