Dolores Ta Fita Tantance 'Yan Takara

Wani ne a garinmu, can bayan tsohuwar masaƙa, yake da bindigar gado. Kakansa ne ya bar masa. Har suna ya sa mata, Dolores. Ku daina dariya, ni na san mutumin, wanzaminmu ɗaya.

Rabon Dolores da ta yi tari tun zamanin kakan. Sau ɗaya tsohon ya taɓa harba ta, ya auna talo-talo, ya sami bokitin maƙwabci. Tun daga ranar take rataye a kan ƙusa biyu a falo, saman talabijin. Tsatsa ta cinye ta, zanzaro ya gina ɗaki a bakinta. Amma gogan naku kullum sai ya goge ta. In sanyi ya shigo har bargo yake lulluɓa mata, matarsa Darlene tana gefe tana rawar ɗari.

To, zaɓen majalisar Washington ya matso. Allunan 'yan takara sun cika ƙofar gidaje, rediyo ba ta da zance sai na bindiga. A shagon aski aka ce masa in ya yi sake ya zaɓi baragurbi, kafin Kirsimeti za a zo a ɗauke Dolores. Ya dawo gida da rabin aski.

"Darlene, za su ƙwace ta!"

"Allah Ya sa su zo da wuri."

"Mutum uku ke takara. Sai na san cikin kowa kafin in jefa ƙuri'a."

"Ka saurari jawabinsu mana, kamar kowa."

"Jawabi? Ɗan siyasa ai bakinsa na haya ne. Hannunsa zan duba. In miƙa masa Dolores, in ga yadda zai riƙe ta."

Ana haka sai ga na farko ya kawo kansa, yana bin gida gida. Alvin Crumley, wani siriri mai tabarau. Ya ƙwanƙwasa. Mutumin ya buɗe ƙofa, Dolores a hannu, bakinta daidai maɓallin rigar baƙo.

"Sannu da zuwa! Me ka ce game da bindiga?"

Crumley ya ɗaga hannu sama, takardunsa suka watse a tsakar gida.

"Duk abin da ka ce, yallaɓai!"

"A ƙwace?"

"A'a! Wa zai ƙwace? Haram!"

"A ƙaro?"

"A ƙaro! Kowa ya sami biyu!"

Darlene ta leƙo daga kicin da ludayi. "Ni kuwa so nake a fitar min da wannan ƙarfen daga falo."

"A fitar, madam! Yau ɗin nan!"

"To ungo, riƙe ta in gani," in ji mutumin.

Ina! Crumley ya riga ya tsallake shingen furanni. Motarsa ma a nan ya bar ta, sai washegari aka zo aka ja.

Mutumin ya girgiza kai. "Wannan ba shi da ra'ayi. Gudu kam yana da shi."

Ta biyu mace ce, Maribeth Tolliver, wadda ake cewa ita ce mai ƙwacen. An ce za ta zo bikin manoma ranar Asabar. Ranar, gogan naku ya isa ƙofar fili da Dolores, sai ga allo: ba a shiga da makami. Ya tsaya yana susar ƙeya. Sai ya hango layin mata da jarirai, kun san halin 'yan siyasarmu, kowane zaɓe sai sun ɗauki 'ya'yan mutane an yi musu hoto. Nan dabara ta faɗo masa.

Ya koma gida ya aro keken jariri. Ya kwantar da Dolores, ya naɗe ta da bargo, ya kifa mata hular ulu a baki. Ya turo ta ya shiga layi, ƙafarta ta leƙo waje da kamu guda.

Matar da ke gabansa ta waiwayo. "Kai, masha Allah, doguwa! Ba ta kuka?"

"Ba ta taɓa yi ba. Sau ɗaya dai, da daɗewa."

Layi ya zo kansa. Tolliver ta sunkuya tana murmushi.

"Wayyo, 'yar lele! Watanta nawa?"

"Ta girmi babarki."

Ta yaye bargo. Mai hoto ya faɗa bayan buhun masara. Ita kuwa ko gezau. Ta kalli bindiga, ta kalle shi.

"Malam, lafiyarka ƙalau?"

"Tambaya na zo yi. Ƙwace ta za ki yi?"

"Ni ba ƙwace nake cewa a yi ba. Cewa nake a riƙa bincike kafin a sayar."

"Binciken me? Dolores ba ta taɓa laifi ba! Maganar bokitin nan an sasanta tun tuni!"

"Ba ita za a bincika ba. Kai za a bincika."

"Ni?"

"Kuma yau na ƙara tabbata."

Kafin ya ba da amsa ɗan sanda ya iso, wani ƙato mai suna Lonnie, ajinsu ɗaya a firamare. Ya cire hular ulun, ya kanne ido ya leƙa bakin bindiga. Zanzaro ya fito fuuu ya sauka a hancinsa.

"Haba kai kuwa," in ji Lonnie yana kaɗe fuska. "Wannan ai ba makami ba ne, gidan haya ne. Kwashe kayanka."

"Koma da ita gida, malam," in ji Tolliver. "Ka kwantar da hankalinka. Ba wanda yake son wannan."

Jama'a, da ta ƙwace ta da ya fi masa sauƙi. Ya turo keke har gida yana huci, yana lallashin Dolores a hanya.

"Ba wanda yake so! A gabanta fa ta faɗa, Darlene! Tana ji!"

"Matar nan ta sami ƙuri'ata."

Saura na uku, Royce Pettigrew, mai faffaɗar hula, wanda ko katin gaisuwar Kirsimeti ya aiko sai ka ga shi da matarsa da surukarsa kowa da bindiga a kafaɗa. Ya shirya gashin nama a gonar wani attajiri. Can ba a hana shiga da makami, wanda ya zo hannu rabbana ma shi ake yi wa kallon baƙo. Akori-kura sun cika fili, hayaƙi na tashi, makaɗa na ta fama.

Mutumin ya kutsa har gaban dandamali.

"Yallaɓai! Ga Dolores! Ta kakana ce. Da ita ya fita farautar talo-talo shekarar da kogi ya yi ambaliya."

Idon Pettigrew ya yi wal. Ya karɓe ta hannu bibbiyu. Ya shafa ta. Ya shinshina ta. Wallahi har sumbatar tsatsar ya yi. Mutumin ya ji ƙwalla ta cika masa ido, ga mai riƙo nan ya samu.

Pettigrew ya ɗaga ta sama ya janyo lasifika.

"Jama'a! Ku dubi kyautar da wannan ɗan kishin ƙasa ya kawo min!"

Fili ya ɗauka da ihu.

"Kyauta? A'a yallaɓai, riƙewa kawai za ka..."

Mai ganga ya rufe shi.

"Na rantse muku," in ji Pettigrew, "daga yau ba mahalukin da zai raba ni da bindigar nan! Ko daga Washington ya zo, ko daga garin nan!"

Aka yi ta tafi. Abin haushin, har gogan naku ya tafa, don maganar ta yi masa daɗi. Sai da ya ga an zura Dolores a baƙar mota an rufe ƙofa sannan ya farga. Ya bi motar da gudu. Wata mai jan baki ta tare shi, ta kifa masa hula mai sunan Pettigrew, ta danƙa masa farantin haƙarƙari.

Haka ya dawo gida. Ya rataye hular a kan ƙusa ɗaya, ɗayar ta zauna fayau. Darlene ta kalli bango, ta kalle shi.

"Ina 'yar taka?"

"Tana hannun Pettigrew."

"Mai kare bindigar?"

"Shi."

"Mai ƙwacen ta ce ka tafi da kayanka, mai karewar ya tafi da su. Kai, siyasa da daɗi."

Ya daina cin abinci. Ya buga waya ofishin Pettigrew, aka ce yallaɓai yana taro. Ya sake bugawa, aka ce yana wani taron. Ya je da kansa, aka ƙara masa hula. Ya koma zama a falo da bargon Dolores a cinya, yana kallon ƙusa. Zaɓe ya zo gobe, bai san wa zai zaɓa ba, kuma ba Dolores.

Da rana suna zaune, Darlene na ɓarar wake, sai aka katse labarai a talabijin aka sa talla. Ga Pettigrew a kujerar lilo, a barandar wani gidan katako, rana na faɗuwa a bayansa. A kan cinyarsa Dolores ce, an goge ta tana ƙyalli.

Mutumin ya miƙe zumbur. "Ga ta! Darlene, ga ta! Ta yi ƙiba!"

Pettigrew ya share hawaye da bayan hannu, ya kalli jama'a.

"Wannan bindigar ta kakana ce," in ji shi, murya na rawa. "Da ita ya fita farautar talo-talo shekarar da kogi ya yi ambaliya."

Darlene ta yar da kwanon wake.

"Ka ji ɓarawo da rana tsaka! Ya sace bindigar, ya haɗa da kakan! Yanzu ka ga matsayinsa ko?"

Mutumin na tsaye, hannu a ƙirji, hawaye shaɓe-shaɓe. Ya ciro hular daga ƙusa ya kifa a kai.

"Ki iya bakinki, Darlene! Ba ki ji ba? Ashe kakanmu ɗaya! Ni zan ƙi zaɓen ɗan uwana?"