Ranar Da Na Shiga Aji Da Kaskon Inna

Ba na jin akwai ranar da zan manta da gwajin koyarwar da na je yi a wata makarantar kuɗi a Sabon Gari. Na gama digirin Fiziks na daɗe ina zaman kashe wando a Fagge, har Baba ya gaji ya gindaya mini sharaɗi: in wannan aikin bai samu ba, in ajiye takardu in zo shagonsa a kasuwar Kwari in riƙa auna yadi.

Mai makarantar, wata dattijuwa 'yar Kaduna da kowa ke kira Madam, ta ce in zaɓi darasin da na ga dama. Mai hankali maganaɗisu zai ɗauka ya wuce wurin. Ni kuwa sarkin iyayi, sai na ɗauko abin da na yi bincikena a kai, wato baƙin ramin da ke tsakiyar gungun taurari.

Na bayyana wa yara cewa idan ramin nan yana haɗiyar gas, abin da ke kewaye da shi kan yi zafi har ya tayar da iska mai ƙarfin gaske. Iskar sai ta fatattaki sanyayyen gas ɗin da sababbin taurari ke samuwa daga gare shi, gungun ya yi ta tsufa babu sabon tauraro. Yara sun kasa kunne, Madam a kujerar gaba tana gyaɗa kai. Wallahi da na tsaya nan, da yanzu ina da aiki.

Amma ina. Sai na fito da kaskon turaren wutar Inna (mu 'yan asalin Barno ne, turarenmu ba ya wasa) da injin busar da gashi da na aro a wurin ƙanwata. Hayaƙi shi ne gas, injin shi ne ramin. Na hura garwashi, na zuba turare ba tausayi, na kunna injin.

Hayaƙi ya turnuƙe ajin ya yi waje ta taga. Garwashi ya yi tsalle ya sauka a kan zanin Madam. Abin da na manta shi ne makarantar a jikin shaguna take, kuma ɗan kasuwar Kano in ya ga hayaƙi ba ya tsayawa tambaya. Wani ya ƙwala ihun gobara, yara suka watse suna kuka, mutane suka danno da bokitai. Na farko a kaina ya ƙare, ruwan wankin kifi ne. Ina tsaye ina ɗiga, har lokacin injin na kuka a hannuna.

Madam ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Ta dubi hujin zaninta, ta ce, "Malam, ka san karatunka. Amma 'ya'yan mutane ne, ba zan iya ba ka su ba."

Washegari na tafi Kwari. Baba bai tambaye ni komai ba, ya dai matsa mini wuri a kan benci, ni kuma na ji hawaye na neman kunyata ni a gaban masu ciniki. Yau a nan nake. Abin da na koya kuwa, in za ka nuna wa mutane yadda sama take aiki, alli da allo sun isa.