Rasuwar Ɗan'auta, Jirgin da Barau Ya Sassaƙa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu ta kasa kwanciya, Malam Sharhabilu, malamin aji huɗu a wata firamare da ke Batsari, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Ɗan'auta, ƙaramin jirgin ruwa na itace. Ya nutse ranar Asabar da hantsi a tafkin da ke hanyar Safana, a gaban jama'a.

Marigayin haifaffen ƙauyen Yasore ne. Barau masassaƙi, yayan Malam, shi ya sassaƙa shi, kuma daga shi hannun Barau bai sake fitar da komai ba, don bara 'yan bindiga suka tare shi a hanyar gona. Dalilin sunan ke nan. Har yau ba a ji ɗuriyar Barau ba. Matarsa Hansai ta baro ƙauye ba turmi ba taɓarya, amma ta ƙunso jirgin a zani. Ranar da Malam ya je neman aronsa, ta ɗauko ta miƙa masa. "Ka kula mani da shi, Malam. In yayanka ya dawo, shi zai fara tambaya."

Shaidar da aka yi wa marigayin mai kyau ce. Haƙuri gare shi, ba ya neman batir, ba ya neman mai. Rani guda ya yi zaune kan teburin aji, da ƙyallen buhun taki da aka ɗaura masa don kama iska. Duk Alhamis yara kan rabu gida biyu, ƙungiyar Mahfuza da ta Ikrima, a yi kacici-kacici kan dokokin tseren ƙananan jirage. Malam ya ƙwanƙwasa cikin jirgin da rula, shi kuwa ya amsa da muryarsa da ba za a manta ba: ƙwal, ƙwal. Yaushe ake sakin jirgi? Sai an busa usur. Ana yi masa fifita da faifai? Ba a yi. Wanda ya jefa dutse don ruwa ya tura nasa gaba fa? An kore shi. Yaran da bakinsu ya mutu tun da suka gudo daga ƙauyuka, sai ga su suna rige-rigen ɗaga hannu.

Doka ta ƙarshe ita ce babba: in jirgi ya shiga ruwa, ba mai binsa, ko me ya same shi. Malam ninka maki yake yi a kanta, domin tafkin cike yake da ramukan masu haƙar ƙasar gini, kuma a ajin nan ko yaro ɗaya bai iya iyo ba.

Jinyar ba ta yi tsawo ba. Barau, Allah ya bayyana shi, gwanin turmi ne, jirgi kuwa a waya kawai ya taɓa gani. Da ya tashi karrama aikin sai ya zaɓi icen kirya, wanda gara ba ta ci, wanda turminsa kan ga jikoki. To kirya nauyi gare ta kamar dutse. Ba wanda ya yi tunanin gwada shi ko a baho, don wa zai jiƙa amanar Hansai a kan wasa? Ranar tsere aka busa usur, jiragen yaran Safana na gwangwani da kara suka tafi suna rangaji. Ɗan'auta ya ɗan matsa cikin natsuwa irin ta manya, ya karkata gefe, ya sha ruwa. Ɓul-ɓul-ɓul, shi ne furucinsa na ƙarshe.

Mahfuza ce ta sake shi, tana nan bakin ruwa. Da ta tsoma ƙafa da ta cafke shi. Ta ɗaga kai ta dubi Malam a can ƙetare, hawaye na zuba, ba ta motsa ba. Haka sauran yaran, kowa ya ƙame a inda yake, sun riƙe darasi tsaf. Kafin Malam ya zagayo da gudu, marigayin ya gangara rami. Malam ya gode wa Allah da ba yaro ba ne ya tafi, kuma da gaske yake. 

Marigayin ya bar usur ɗaya, da rular da suka saba, da ƙungiyoyi biyu da suka haddace dokoki ba su da abin sakawa a ruwa.

Game da jana'iza, ba a samu gawa ba tukuna. Za a jira tafki ya ja baya da bazara, a je a nema, in hanya ta yi lafiya. Za a karɓi gaisuwa a aji huɗu ranar Alhamis bayan an tashi.

Ana roƙon jama'a don Allah kada kowa ya kai gaisuwa gidan Hansai, ba a faɗa mata ba. Jiya ta tare Malam a bakin famfo, ta ce, "Yaya ɗan namu ya yi a ruwan?" Ya ce mata, "Ya shiga, Yaya." Ta yi murmushi, ta ɗauki jarkarta.

Malam zai je da kansa ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Yana neman dattijo ɗaya da zai raka shi, domin bai san da wace kalma zai fara ba.