Faifan Farfesa a Cikin Ledarsa

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da ledar faifai ta tona mini asiri a gaban mutanen sashenmu kaf.

Farfesa shi ne mai duba aikin digirina na uku a jami'ar da ke titin Jalan Semarak, a ƙasar Malaysia. Dattijo ne ɗan asalin Indiya, haifaffen Malaysia. Ya yi karatu a Ingila yana saurayi, ya dawo da digiri da kuma ciwon son wata ƙungiyar mawaƙan Turawa, irin masu ɗauko waƙoƙin ƙauyukansu na dā su haɗa da jita mai lantarki da sarewa. Waƙa ɗaya sai ka ci abinci ka wanke hannu ba ta ƙare ba. Ranar da na fara shiga ofishinsa kiɗan yana tashi, sai bakina ya ja mini, na ce sarewar ta tuna mini da ta makiyayan garinmu. Shi ke nan. Dattijo ya cire tabarau ya dube ni kamar ya tsinci ɗan'uwansa a tasha.

Tun daga nan zamanmu ya zama rabi gyaran babi, rabi tarihin ƙungiyar: wane ya fita, wane ya dawo, wane ya mutu. Ni dai sai gyaɗa kai. (A gidanmu ba a ce wa babba abinsa ba daɗi. Ko kunu ya ba ka ba sukari, cewa za ka yi ya yi.) Gaskiyar magana kuwa, kiɗan nan ciwon kai yake sa ni.

Ana tsakiyar kullen korona tsofaffin nan suka fitar da sabon faifai, bayan sun yi shekaru shiru. Farfesa ya yi odar biyu, ya aiko mini ɗaya har unguwarmu ta Sri Petaling ta hannun mai babur, haɗe da tapau, wato ƙunshin dafaffiyar shinkafa, na yara. Sannan ya kira ni.

"Muryar mawaƙin ta tsufa lah, kamar tawa," in ji shi. "Amma ka saurari waƙar ƙarshe, sai ka faɗa mini abin da ka ji."

Da ya sake kira, na ce ai ta ƙarshen nan ba a magana. Ya yi dariya ya ce dama ya san zan gane, in an buɗe gari za mu zauna mu tattauna ta sosai. Faifan kuwa yana saman firji, kusa da kwalin takunkumi.

Matata ta ce, "Abban Hanif, ka saurari abin nan mana, ko for five minutes ne. Bawan Allahn nan da zuciya ɗaya ya ba ka." Na ce sai na gama babi na huɗu.

Ban gama ba cutar ta kama Farfesa. Asibiti ba a shiga dubiya, gawa ba a rakiya, saƙon rasuwarsa kawai muka gani a waya. Mutumin da ya hana ni tattara kayana in koma Kano lokacin da karatu ya yi mini zafi, ko sallama ban yi masa ba. Na yi kuka sosai, ba zan ɓoye ba.

Sashenmu ya shirya zaman tunawa da shi ta bidiyo, kowa a ɗan akwatinsa a jikin allo. Da aka zo kan matarsa, sai ta ce, "Ina ɗalibinsa ɗan Najeriya? Kullum cewa yake a duk jami'ar kai kaɗai ka san daɗin kiɗansa. Mu a gida kora shi mota muke yi, ya je can ya ji abinsa."

Da na yi godiya na yi shiru, da na tsira. Amma iyayi ya motsa. Na tashi na ɗauko faifan, na ɗaga shi gaban kyamara, ina cewa babu ranar da ba na sauraronsa. Hasken taga ya bugi ledar, ta ɗau ƙyalli, ko ƙwarzane babu a jikinta. Wani malami ya kashe kyamararsa. Ni ne na ƙarshen ganewa, sai da na hango kaina a akwatina.

Matar ta matso kusa da allo, ta daɗe tana kallo. Ba ta yi fushi ba (da ta yi ma da ya fi mini sauƙi). Ta ce, "Naka sabo ne. Namu yana cikin motarsa, har yau ba wanda ya iya buɗe ƙofar. Boleh, ko za ka iya sa mana ta ƙarshen? Ita ya fi so."

Na sa haƙori na yage ledar. Sai a lokacin na tuna kwamfutata ba ta da wurin sa faifai, kuma duk gidan babu abin da zai kunna shi. Dole na faɗa da bakina, kowa yana ji. Wata ɗaliba ce ta nemo waƙar a intanet ta sa mana.

A haka na fara jin ta, tare da jama'a. Wani tsoho ne da dasasshiyar murya yake waƙar abokansa da suka riga shi tafiya, can sai sarewa ta shigo ita kaɗai. Wallahi sak ta makiyayan garinmu, idan suna koro shanu da yamma. Abin da na faɗa don neman shiga ashe gaskiya ne, ni ne ban sani ba. Matarsa ta rufe fuska da gefen mayafinta, ni ma na kasa ɗago kai.

Abin da na koya dai, in har sai mutum ya yi kara, to ya fara cire leda. Yanzu duk dattijon da ya ba ni abu ya ce in faɗa masa yadda na ji, a gabansa nake buɗewa. Amsar da zan ba Farfesa kuwa na same ta tun ranar, tana nan a bakina, na rasa wanda zan ba.